Tuba da Tawali'u: Shawarwarin Dattawan Ikilisiya a Garwa, Kamaru

Da dattawa da matan zumunta suka zauna kan maganar tuba, bakinsu ya zo ɗaya: a kira zunubi da sunansa. Cewa "ka gafarta mini laifofina" bai isa ba ga wanda ya san ya tauye mudu a kasuwa. Ya karanta Zabura 51 a hankali, yana tsayawa a kowace aya.

An fi daɗewa kan mayar da hakki, kuma da gaskiyarsu. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, ya yi alkawarin biyan ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Mai riƙe da kuɗin wani ya kai masa, ko da sefa 500 ne kowace ranar kasuwa, kafin ya kusanci Jibin Ubangiji. Ya je shi kaɗai, kada ya ce "ai kai ma ka yi", domin nan take neman gafara ke komawa shari'a.

Furta laifi a gaban taro don a yaba maka, girman kai ne ya sake riga. Laifin ɓoye a kai shi wurin fasto ko amintaccen dattijo, a riƙa addu'a tare kowane mako, musamman ga mai fama da shan bilbil, wato giyar dawa.