Wane sikeli ya dace in bi a kan kiɗan rakiya na bulus a ki na A?

Sabon_Makaɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa makaɗa. Ina koyon jita, kuma a 'yan kwanakin nan ina atisaye da wani kiɗan rakiya (kiɗan da ake kunnawa mutum ya kaɗa a kansa) na bulus, wato salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, mai gaɓa 12 (gaɓa ita ce rukunin bugu da ake ƙirga kiɗa da shi) a ki na A, wato sautin A ne gidansa. Kod (sautuka da ake bugawa tare) uku ne kawai a cikinsa: A7, D7 da E7. Sikelin (jerin sautukan da ake bi) da na iya shi ne fentatonik maina na A, mai sauti biyar, a firet na 5 (firet su ne matakan da ke wuyan jita), wato A, C, D, E da G, wani lokaci kuma ina ƙara E♭ a tsakani. Yana shiga daga farko har ƙarshe, amma duk abin da na kaɗa kamarsa ɗaya, har idan aka cire rakiyar aka bar jitar ita kaɗai, mai saurare ba zai gane inda kod ya canza ba.

Da na gwada fentatonik meja na A, wato A, B, C♯, E da F♯, sai na ji ya yi daɗi ƙwarai a gaɓoɓi huɗu na farko, amma da zarar D7 ya shigo sai kiɗan ya yi tsami. Tambayata biyu ce. Me ya sa sikelin maina yake zama a kan kod waɗanda dukkansu meja ne, alhali na meja da ya kamata ya fi dacewa shi ne yake cin karo? Sannan shin wajibi ne in riƙa canza sikeli duk lokacin da kod ya canza, ko akwai guda ɗaya da zai wadatar? Allah ya saka da alheri.

Malamin_Piyano ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka ya gaya maka gaskiya, kuma sauti ɗaya ne tak ya jawo tsamin da ka ji, shi ne C♯. Kod ɗin A7 ya ƙunshi A, C♯, E da G, don haka C♯ a gida yake muddin A7 ne ake bugawa. Amma D7 ya ƙunshi D, F♯, A da C, kuma wannan C ɗin rabin mataki ne kawai tsakaninsa da C♯ ɗinka, wato firet ɗaya. Idan rakiya tana riƙe da C kai kuma ka tsaya a kan C♯, dole su yi karo. Sauran sautuka huɗu na fentatonik meja, wato A, B, E da F♯, lafiya lau suke a kan D7, hasali ma F♯ yana cikin waɗanda suka fi daɗi a wurin. Saboda haka ba sikelin ne za ka watsar ba, ka sauke C♯ zuwa C a gaɓa ta 5 da ta 6 da ta 10, shi ke nan.

Game da dalilin da ya sa maina yake zama, ka dubi sautukansa ɗaya bayan ɗaya. A, D da E su ne tushen kod ukun. Idan aka ƙirga daga tushe, wato sautin da kod ya ɗauki sunansa, G shi ne na bakwai a A7, C kuma shi ne na bakwai a D7, D shi ne na bakwai a E7. Kusan kowane sauti a cikin biyar ɗin yana da mazauni a ɗaya daga cikin kod ɗin. Inda ake samun gogayya, wato C a kan A7 da G a kan E7, wannan gogayyar ita ce ainihin muryar bulus, domin mawaƙan da suka kafa wannan kiɗa a jihohin kudancin ƙasar Amurka suna rera sauti na uku ne a wani wuri tsakanin maina da meja, wurin da babu shi a kan piyano. Mu masu piyano sai dai mu zame daga C zuwa C♯ da sauri ko mu buga su tare, ku kuwa masu jita kuna iya tura tsirkiya kaɗan ku same shi daidai. Ka danna tsirkiya ta uku (ana ƙirgawa daga mafi siriri) a firet na 5, ka tura ta kaɗan, abin da bai kai rabin mataki ba, ka saurara.

A nawa ra'ayin, hanya mafi tsabta ita ce ka ba kowane kod sikelinsa na miksolidiyan, wato sikeli mai sauti bakwai da yake farawa daga tushen kod ɗin. A kan A7 ka bi A, B, C♯, D, E, F♯, G. A kan D7 sautukan duk ɗaya ne, sai dai C♯ ya koma C. A kan E7 kuma C♯ ya dawo, G ya hau zuwa G♯. Da ka rubuta su a takarda za ka ga cewa abin da ake kira canza sikeli uku bai wuce motsa sauti ɗaya ko biyu ba.

Tsohon_Mai_Jita ya amsa:

Bayanin Malam a kan C♯ daidai ne, babu abin da zan ƙara a kai. Inda na sha bamban da shi shi ne batun miksolidiyan ga mai koyo. Sikeli mai sauti bakwai yana jan yatsa ya riƙa hawa da sauka a jere, kuma wanda bai riga ya iya gina jimla da sauti uku ko huɗu ba, idan aka ba shi bakwai, atisaye za a ji yana yi maimakon kiɗa. Albert King, shahararren makaɗin jitar bulus, ya yi rayuwarsa kusan a cikin fentatonik maina, da jita a hannun hagu da tsirkiyoyi a juye, yana jan tsirkiya ɗaya ya fitar da sautuka da yawa daga firet guda, kuma ba a taɓa cewa kiɗansa ya rasa wani abu ba.

Ƙanena, abin da nake ba ka shawara shi ne ka zauna a tsarin yatsu na fentatonik da ka sani na firet na 5, amma ka koyi inda za ka sauka a farkon kowane kod. Sautuka biyu ne suke bayyana kod a kunne, na uku da na bakwai. A A7 su ne C♯ da G. A D7 su ne F♯ da C. A E7 su ne G♯ da D. Ka lura da kusancinsu: daga A7 zuwa D7, C♯ yana sauka firet ɗaya zuwa C, G yana sauka firet ɗaya zuwa F♯, daga A7 zuwa E7 kuma C♯ yana hawa firet ɗaya zuwa D, G yana hawa zuwa G♯. Dukkansu suna ƙarƙashin hannunka ba tare da ka matsa ba. C♯ yana tsirkiya ta uku firet na 6, F♯ yana tsirkiya ta biyu firet na 7, G♯ yana tsirkiya ta huɗu firet na 6 ko ta biyu firet na 9.

Ka kunna rakiyar, ka hana kanka komai sai sauti ɗaya a kowace gaɓa, ka riƙe shi har gaɓar ta ƙare. Idan ka iya zagaye gaɓa 12 haka, kuma kai da kanka kana jin kod yana canzawa a cikin jitarka, to sai ka fara cike tsakani da fentatonik ɗinka. Wannan shi ne maganin matsalarka ta farko, wadda a ganina ta fi ta C♯ girma.

Akwai wani wuri a wuyan jita da ya kamata ka sani, wanda makaɗa suke danganta shi da B.B. King, wani gwanin jitar bulus, saboda yawan zamansa a can. A ki na A, tushen yana tsirkiya ta biyu firet na 10, B yana firet na 12 na wannan tsirkiyar, F♯ yana tsirkiya ta uku firet na 11, D da E kuma suna tsirkiya ta ɗaya firet na 10 da na 12. Amfanin wurin yana kan B ɗin nan: idan A7 ake bugawa ka tura shi cikakken mataki, wato tazarar firet biyu, ya zama C♯, idan D7 ya shigo ka tura shi rabin mataki ya zama C. Yatsa ɗaya, firet ɗaya, amma ka bi kod biyu. Ni dai ban san wani darasi da ya fi wannan saurin buɗe wa mai koyo kunne ba.

Ka kuma bar sarari. Baitin bulus na gargajiya layi uku ne, ana maimaita na farko sannan na uku ya rufe, kuma mawaƙi yakan cika kusan gaɓa biyu ne daga cikin kowace huɗu, ya bar sauran ga jita ta amsa masa, kamar yadda makaɗin fada yake jefa baiti 'yan amshi su karɓa. Ko babu mawaƙi a rakiyarka, ka kaɗa jimla, ka yi shiru, ka amsa ta.

Mai_Bes ta amsa:

Ina so in ƙara gargaɗi ɗaya, domin duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ne ga irin rakiyar da mai tambaya ya ambata. Akwai bulus na maina, inda kod ɗin suke Am7 da Dm7, sannan a gaɓa ta 9 da ta 10 a sami Em7 da Dm7, ko kuma F7 da E7. A irin wannan, fentatonik meja ba shi da wuri ko kaɗan, C♯ kuskure ne tun daga gaɓar farko, F♯ ma yana karo da F da ke cikin Dm7. Maina da E♭ ɗinsa su ne abin bi, sai G♯ idan E7 ya zo. Da yawa daga cikin kiɗan rakiya da ake samu a YouTube suna rubuta kod ɗin a jikin bidiyon, a duba kafin a fara.

Haka kuma wasu rakiyoyin suna zuwa D7 tun a gaɓa ta 2 su dawo A7 a ta 3. Wanda ya saba da gaɓoɓi huɗu na A7 a jere zai iske C♯ ɗinsa ya yi tsami da wuri, ya ɗauka laifin sikeli ne. Ku saurari bes, wato jita mai kaurin sauti, ita ce take fara sanar da sauyin.

Sabon_Makaɗi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gwada sauti ɗaya a kowace gaɓa, kuma A7 da D7 sun fara fitowa. Saura gaɓoɓi huɗu na ƙarshe, inda E7 yake zuwa gaɓa ɗaya kawai, D7 ya biyo, A7 ya biyo, sannan E7 ya sake dawowa. Suna wucewa da sauri kafin in yi tunani. Sannan na lura cewa idan ina bin makaɗan jita na Agadas ko Ali Farka Toure na Mali, fentatonik ɗin nan ɗaya yana isata ba tare da wannan wahalar ba. Mene ne bambancin?

Malamin_Piyano ya amsa:

Bambancin yana cikin rakiya. Yawancin wannan kiɗan na Sahel yana zagaye ne a kan tushe ɗaya ko kod biyu makusanta, don haka sautin da ya zauna a farko zai zauna har ƙarshe, ƙarfin kiɗan kuma yana cikin kari da maimaici da adon yatsa. A cikin bulus ma akwai irin wannan, mawaƙin bulus John Lee Hooker ya yi waƙoƙi da yawa a kan kod ɗaya, kuma a kan irin wannan rakiyar fentatonik maina ya wadatar. Tsarin gaɓa 12 ne yake sauya ƙasan da kake tsaye a kai, shi ya sa sauti ɗaya yake daɗi a gaɓa ta 4 ya yi tsami a ta 5.

Game da E7, na yarda da Tsohon_Mai_Jita cewa a gaɓa ɗaya babu lokacin tunanin sikeli mai sauti bakwai. Kod ɗin ya ƙunshi E, G♯, B da D, kuma biyu daga ciki, E da D, suna cikin fentatonik ɗinka tun asali. Sautin da ya kamata ka guji tsayawa a kansa shi ne C, domin yana zaune rabin mataki a saman B. Idan ka maye gurbin C da B, abin da ke hannunka ya zama E, G, A, B, D, wato fentatonik maina na E, kuma yana zama a kan E7 kamar yadda na A yake zama a kan A7. B yana tsirkiya ta ɗaya firet na 7, ko tsirkiya ta uku firet na 4.

Wata dabara da makaɗa suke yawan amfani da ita ita ce ka kaɗa gajeriyar jimla a kan E7 a gaɓa ta 9, sannan ka sauke ta firet biyu ka maimaita ta daidai a kan D7 a gaɓa ta 10, tunda tazarar kod biyun cikakken mataki ce. A gaɓa ta 11 ka sauka a kan A ko C♯. A ta 12 kuma ka hau daga D zuwa E♭ zuwa E a tsirkiya ta biyar, firet na 5, na 6 da na 7, ka tsaya a kan E. A nan ne E♭ yake aikinsa na gaskiya, a matsayin mashigi tsakanin D da E, ba wurin zama ba. Idan rakiyar ta yi maka sauri, ka rage gudunta zuwa bugu 60 a minti, ka maimaita gaɓoɓi huɗun nan su kaɗai har hannunka ya riƙa isa B da G♯ kafin kod ɗin ya iso, sannan ka mayar da ita gudunta na asali.