Wai mu da muke Kano, rana za mu je saya a Zanzibar?

Abba: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Bana ni da Maman Hanan muke cika shekara 10 da aure, kuma tun da aka kawo ta ban taɓa kai ta ko'ina ba, in ban da gidan biki da gidan gaisuwa. Na ɗan yi tari, ina so mu fita kwana 6 ko 7 mu huta a bakin teku. Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya da tsibiran Maldibs nake dubawa. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Kawu Sule: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara danƙon ƙauna. Amma Abba zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. Wannan hutun bakin teku na Turawa ne, ba namu ba. Bature sanyi ne yake koro shi daga gida, sai ya yi wata huɗu bai ga rana ta kirki ba, shi ya sa yake biyan kuɗi ya je ya kwanta a yashi ta gasa shi. Kai kuwa daga Kano za ka tashi, garin da a watan Afrilu ko sitiyarin mota ba ya taɓuwa. Ka canji dala ka je ka sayi rana? In yashi kake so ga shi nan a Challawa, tifa-tifa ake ɗiba. Ku haɗa kuɗin ku yi Umara, ku dawo da lada.

Yaya Nura: Kawu ya gama magana. Ku tuna abin da ya samu naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, daga ƙasa da 500 a kan dala ɗaya har sai da ta haura 1,500. Kuɗin da za ka kashe a mako guda zai biya wa Hanan makarantar shekara. Ayar Suratul Isra'i a kan almubazzarai kowa ya san ta.

Ummi: Yaya Nura, ayar "ku yi tafiya a cikin ƙasa ku duba" ma kowa ya san ta 😄

Yaya Nura: Tafiyar ɗaukar darasi ake nufi, Ummi, ba ta ɗaukar hoto ba.

Anti Binta: Kawu, da girmanka, amma a nan kam ban bi ka ba. Na je Zanzibar, kuma ba rana na je nema ba. Ruwa na je gani. Na kai shekara 40 ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba, iyakata Tiga. Ranar da muka isa Nungwi, can ƙuryar arewacin tsibirin, na tsaya da mayafina ruwa na dukan ƙafata, ina ganin yatsuna tar a ƙasa kamar a cikin kwano, wallahi sai da na yi ƙwalla. Zafin ma ba irin namu ba ne. Namu ya haura 40, busasshe, ga ƙura. Nasu wajen 30 yake tsayawa, sai dai gumi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba, amma da la'asar iska ta taso daga teku shi ke nan.

Kuma maganar wai na Turawa ne, to su mutanen garin fa? Kusan dukkansu Musulmi ne. Kiran sallah ne yake tashin ka da asuba. A tsohon garin da suke kira Stone Town, lungu-lungu ne kamar cikin Birni wajen Kurmi, yara da allunansu, mata da baƙar abaya, dattawa a kan dakali suna shan gahawa. Ciniki ma bai ba ni wuya ba, don lissafinsu ishirini, thelathini, hamsini ne, kana ji ka san ashirin da talatin da hamsin. Sabulu su ce sabuni, labari su ce habari.

Goggo Rabi: Binta, to tsiraicin fa? Ni abin da nake gani a waya ke nan, mata ba kaya. Ka ɗauki matarka ta sunna ka kai ta nan?

Anti Binta: Goggo akwai shi, ba zan ɓoye ba. A bakin ruwan manyan otal za ki ga Turawa da ɗan kamfai, ga giya a tebur. Amma a cikin gari ba haka ba ne, su kansu mutanen garin ba sa son baƙo ya shiga musu kasuwa a tuɓe. Zaɓen masauki shi ne maganar. Mu ƙaramin gida muka kama na wata Hajiya 'yar garin, da safe mu fita kafin 'yan shanya jiki su tashi.

Kawu Sule: Kin ji ko. Ki biya kuɗi, sannan ki riƙa wasan ɓuya da masu tsiraici.

Sadik: Kawu ina wuni. Ni ba zan shiga maganar halas ko haram ba, wannan ta manya ce. Amma Yaya Abba, wane wata kake son tafiyar? Don nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Na gani da idona a nan Malesiya, baƙo ya zo daga gida da sunan zai je tsibiri a watan Disamba, ya tarar gabar gabas ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, wasu masaukan ma a rufe. Ƙasar zafi ba ta da hunturu, amma tana da damina, kuma daminarsu ba ta bin tamu.

Abba: Afrilu na so, lokacin ne zan samu hutu a ofis, kuma a guje wa zafin nan.

Sadik: To Afrilu tsakiyar babbar daminar Zanzibar ke nan, daga Maris zuwa Mayu. Shi ya sa za ka ga farashi ya faɗi warwas a intanet ka ɗauka garaɓasa ce. Lokacinsu mai kyau daga Yuni zuwa Oktoba. Maldibs kuma akasin haka, raninsu daga Disamba zuwa Afrilu, daga Mayu iska da ruwa su fara. In Afrilu ce tilas, Maldibs ta fi dacewa, amma ka shirya aljihu.

Anti Binta: Wani abu kuma da ba mai gaya maka. A gabashin Zanzibar, wajen Paje, ruwan janyewa yake yi. Ka fito da hantsi ka ga teku ta tafi can nesa, sai yashi da mata suna tsugune suna aikin ciyawar tekun da suke nomawa a jikin igiya. Mai gidana har ya tambayi mai masauki ko lafiya. Sai bayan sa'o'i ruwan ya dawo. A Nungwi da Kendwa ne ruwan ba ya nisa sosai.

Yaya Nura: Wato ko tekun ma sai ta ga dama take zama.

Ummi: Kawu, ni bari in taɓa ka ta inda ba ka zata ba. Ka san wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi, wanda har yau muke cewa "ba ni da ko wuri"? Yawancinsa daga tekun Maldibs aka kwaso shi. Can ake tara shi, 'yan kasuwa su yi ta wucewa da shi hannu zuwa hannu har ya iso Afirka ta Yamma ya zama kuɗi. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya zauna a tsibiran har ya yi alƙalanci a wajen 1340 da 'yan kai, ya ga yadda ake sayar da wurin da arha, daga baya da ya zo ƙasar Mali ya tarar ana ciniki da shi da daraja. Ke nan dangantakarmu da Maldibs ta girmi zuwan 'yan yawon buɗe ido da ɗaruruwan shekaru. Zanzibar kuma kanumfarin da Goggo take zubawa a kunun aya da yaji, can ake noma shi sosai, musamman tsibirin Pemba. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, saboda wannan kasuwa ya kwaso fadarsa daga Maskat ya dawo Zanzibar a ƙarni na 19. Akwai kuma tarihi mai ɗaci, kasuwar bayi da aka rufe a 1873, yanzu coci ne a wurin, har ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ana nuna wa baƙi. In darasi Yaya Nura yake nema, ga shi nan.

Kawu Sule: 'Yar boko. To wurin ya zo mana har gida, mu ba mu bi shi ba.

Baban Iman: Ku bar ni in yi maganar kuɗi, don ni na ƙone. Shekaru biyu da suka wuce wani ejan a nan garin ya haɗa mana Maldibs, ya ce komai na ciki. Muka sauka filin jirgi kusa da Male, babban birninsu, sai aka ce otal ɗinmu yana wani tsibiri daban, sai an hau ƙaramin jirgin da ke sauka a kan ruwa, kuma kuɗinsa ba ya cikin abin da muka biya. Ga shi irin wannan jirgi ba ya tashi da dare, mu kuma bayan magariba muka iso, dole muka kwana a wani masauki da kuɗinmu. Da muka isa, tsibirin gaba ɗaya otal ne. Ba kanti, ba mai shayi, ba inda za ka ce bari in fita in ci mai arha. Duk abin da ka taɓa sai an ɗora harajin gwamnati da kuɗin hidima kashi 10. Ranar da na ga kuɗin ruwan gora a takarda, sai da na koma lissafi da naira na rasa barci. Kyau kam akwai, ruwa kamar an zuba shuɗi, kifi na yawo a ƙarƙashin ɗakinka. Amma kwana na uku na fara ƙirga sauran kwanaki.

Kawu Sule: Alhamdu lillahi, ga shaida daga cikin gida.

Baban Iman: A'a Kawu, ban ce kar a je ba. Cewa na yi kar a je a makance. Daga baya na gano tun 2009 gwamnatinsu ta ba mutanen gari damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune, irin Maafushi. Can ba a sayar da giya, ga masallaci, ga abincin gari, kuma kwalekwale mai inji ne zai kai ka daga Male. Da na sani da nan muka sauka, da rabin kuɗin ma bai tafi ba. Ƙasar kanta ta Musulmi ce, tsarin mulkinsu ma ya ce sai Musulmi ne ɗan ƙasa.

Sadik: Sai kuma biza. Maldibs a filin jirgi ake bugawa, kwana 30, kyauta, in kana da tikitin dawowa da shaidar masauki. Tanzaniya kuwa mai fasfon Najeriya ba ya samu a filin jirgi, sai ka nema tun kana gida hukumar shige da ficensu ta amince, kuma tana ɗaukar lokaci. Kar ka sayi tikiti kafin ta fito. Ga katin rigakafin shawara, shi ma dole. Tun Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta sa wa baƙi inshorar dole ta dala 44 kowane mutum.

Anti Binta: Jirgi kuma daga nan Kano akwai na Habasha, ka sauka Adis Ababa ka canza zuwa Zanzibar, ba sai ka je Legas ba.

Yaya Nura: Ni har yanzu ban ga abin da ya sa sai an tsallaka teku ba. Ga Gambiya nan, ƙasar ECOWAS, ba biza, Musulmi ne, ga bakin ruwa. In ma ruwan ne dole.

Ummi: Au, Yaya Nura, ashe yanzu an sauko daga "almubazzaranci" an koma "wace tekun"? 😂

Yaya Nura: Ban sauko ba. Rage asara nake yi.

Goggo Rabi: Ku duka kun cika mu da surutu. Wai an tambayi ita yarinyar abin da take so? Shekara 10 tana tsaye a kan murhu, ku kuna ta yanke mata hukunci. Sule, kai Umara nawa ka yi? Sau nawa ka tafi da Hajiya?

Kawu Sule: Yaya, wannan kuma wata magana ce daban.

Maman Hanan: Ina wuninku Kawu, ina wuni Goggo. Tun ɗazu ina karantawa, kunya ce ta hana ni magana. Umara ina so, Allah Ya sani, kuma muna cikin adashi saboda ita. Wannan kuwa ni ba rana nake nema ba, ba kuma hoto ba. So nake in yi mako guda ban kunna gas ba, ban ji "Mama ina safata" ba, wani ya dafa ya kawo mini in ci in kwanta. In ga tekun nan da Anti Binta ta yi wa kuka. Ko ina ne ma, in dai ba sai na wanke tukunya ba.

Anti Binta: Ki je Forodhani da daddare, bakin ruwa ne a Stone Town, masu gashi sun jera tebura da fitilu. Ki sha ruwan rake da citta da lemun tsami, a gabanki za a matse. Amma wani abu mai hannuwa takwas da suke gasawa, ni dai ban iya ba.

Abba: To na ji. Zan nemi a mayar mini da hutun Yuli, mu fara neman bizar Tanzaniya tun yanzu. Kawu a yi haƙuri a sa albarka.

Kawu Sule: Ni ra'ayina yana nan, rana ba abin saye ba ce. Amma tunda Yaya ta sa baki, Allah Ya kiyaye hanya. In ka je ka tambayo mini nawa suke sayar da buhun kanumfari, da yadda ake fito da shi.

Goggo Rabi: Yaran a kawo mini su. Amma ban da ƙaramin, wannan sai dai Binta.

Anti Binta: Goggo ina da aikin dare a Yuli fa.