Shin ajiye lokaci da UTC kaɗai ya wadatar a manhaja?

Malam, daga Nima: Assalamu alaikum. A ganina, mu masu rubuta manhaja a Gana ba mu da dalilin wahalar da kanmu kan bambancin agogo, tunda layin Greenwich, wanda daga shi ake auna lokacin duniya, ta garin Tema ya ratsa, agogonmu kuma daidai yake da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, duk shekara. A ajiye komai da UTC, ya wadatar.

Hajiya, daga Aboabo: Wa alaikumus salam, Malam. Ai wannan daidaituwar ce take rufe mana ido, domin duk gwajin da aka yi a kwamfutar Kumasi lafiya lau zai fito. A JavaScript, harshen rubuta manhaja, idan aka rubuta new Date("2024-03-10"), tsakar daren UTC ake ɗauka, sai wanda yake New York ya buɗe ya ga 9 ga Maris. Na gani da idona a rajistar wata Islamiyya, inda ranar haihuwar yaro ta koma baya da kwana ɗaya a wayar mahaifinsa da ke Amurka.

Malam: Hajiya, wannan laifin wurin nunawa ne, ba na ajiya ba.

Hajiya: Na ajiya ne, Malam, domin ranar haihuwa kwanan wata ce kawai, bai kamata a liƙa mata sa'a ba tun farko.

Ɗalibi, daga Sabon Zango: Da izinin manya, abin da ya fi damuna shi ne lokacin da bai zo ba tukuna. Idan malami yana ba da karatu kowace Asabar da ƙarfe 10 agogon Landan, aka ajiye 10:00 UTC, to daga Lahadin ƙarshe ta Maris, da Ingila ta matsar da agogonta gaba, ɗalibanmu za su riƙa makara da awa guda har ƙarshen Oktoba. Gwamnatoci ma suna sauya doka, kamar yadda Masar ta dawo da agogon bazara a 2023. Saboda haka a ajiye sa'ar wurin tare da sunan yankin, wato Europe/London.

Malam: Na yarda da kai a kan wannan, ƙanena, amma abin da ya riga ya faru, kamar kuɗin da aka tura ta waya, ina nan kan bakana cewa UTC ne gidansa.

Hajiya: Ban musa ba. Sai dai cinikin da aka yi a Accra da ƙarfe 11:30 na dare, a Kano ya riga ya shiga washegari, don haka dole rahoton yini ya faɗi agogon garin da yake bi.