Wace kalma za ta ɗauki "fiyesta" ta mutanen Filifin?

1. 'Yan uwa, ina aikin rubutu kan bukukuwan Filifin, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: fiyesta. Sifaniyawa ne suka kai musu ita a mulkin da suka yi daga 1565 zuwa 1898, bakin masu harshen Tagalog na ƙasar ya mayar da ita "pista". Na rubuta "biki" na share, don Bahaushe in ya ji biki, aure ko suna yake fara tunawa. A cikinku, Malam ya ba ni shawarar "salla", Yaya kuma ta ce "kalankuwa".

2. Ga yadda abin yake. Kusan kowane gari, har unguwa, yana da waliyyin da cocin Katolika na wurin ya ɗauki sunansa. Ranar wannan waliyyi ita ce fiyesta. Kwana tara ake yi ana addu'o'i kafin ranar, sannan a zagaya gari da mutum-mutuminsa, ana kiɗa ana rawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne girki. Gida-gida ake ɗora tukwane, a bar ƙofa a buɗe, baƙon da ba a taɓa gani ba ya shigo ya ci ya ƙoshi. Wanda ya tafi ci-rani Manila yakan yi ƙoƙari ya dawo gida. Wasu har bashi suke ci don kada a ji kunya gaban baƙi.

3. Malam, na ga shawararka ta "salla", kuma tana da hujja: muna cewa Sallar Gani a Daura, muna cewa Takutaha a Kano, duk ranakun gari ne masu tushe a addini. Damuwata ɗaya ce. Filifin tana da tata Sallar. Akwai Musulmi da yawa a Mindanao da tsibiran Sulu, kuma tun 2002 doka ta mayar da Ƙaramar Salla hutun ƙasa baki ɗaya. In muka kira fiyesta salla, mai karatu zai rikice, ya kasa gane ta wa ake nufi.

4. Yaya ta kawo "kalankuwa". Wallahi ta zauna daram, amma a wuri ɗaya: Pahiyas na garin Lukban, ranar 15 ga Mayu. Manoma ne ke godiyar amfanin gona da sunan San Isidro, waliyyin manoma. Sukan lulluɓe fuskar gidajensu da shinkafa da kayan lambu da 'ya'yan itace, da wani siririn turararren garin shinkafa mai launi-launi da suke yi da siffar ganye, "kiping". Wannan kam kalankuwa ce. Sauran fa?

5. Da na tsaya kan "bikin waliyyi", sai Sinulog ya kayar da ita. Shi ne na birnin Sebu, Lahadi ta uku a Janairu, kuma ba don waliyyi ake yin sa ba. Don Santo Niño ne, mutum-mutumin Yesu yana yaro, wanda Magellan, jagoran jiragen ruwan Sifaniya, ya bai wa matar Raja Humabon, sarkin Sebu, a 1521. Mabiya ba za su yarda a kira shi waliyyi ba, kuma bai kamata fassararmu ta saka musu magana a baki ba.

6. Don haka ga inda na sauka: "bikin gari". In ana son bayani a karon farko, a ce "bikin majiɓincin gari", daga nan a taƙaita. Kalmar "gari" ce ke cire shi daga aure da suna, ta nuna cewa kowa da kowa ne mai bikin.

7. An tambaye ni ranakun tunawa da kafuwar birni, irin Araw ng Dabaw na birnin Dabaw a watan Maris. Wannan na hukuma ne, ba na coci ba. "Araw" rana ce da Tagalog, sai mu ce "ranar gari". Malam, in ka amince da waɗannan biyun, da su zan shigar a rubutun.