Sawunkad mai ƙofar makirufo ɗaya ko biyu? Kuma 48V ɗin nan ba zai ƙona min laftof ba?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da ƙanwata muke son fara ɗaukar hira ta murya, mu biyu a ɗaki ɗaya. Laftof ɗina mai Windows 11 ce, ƙofofin USB biyu ne kacal a jikinta, ɗaya ma maus ya cinye. Ina da makirufo AT2020 da aka ba ni kyauta, mai bakin nan mai ƙafa uku, XLR, wanda sai da na buɗe kwali na gane ba shi da inda zai shiga a kwamfuta. An ce sai na nemi sawunkad ta waje, wadda wasu ke kira intafes, wato 'yar na'urar da ake soka wa makirufo, ita kuma a haɗa ta da kwamfuta ta USB. To in sayi mai ƙofar makirufo ɗaya mu haɗa kai a kan makirufo guda, ko in daure in sayi mai biyu? Sannan maɓallin nan na jikin sawunkad da aka rubuta wa 48V, na ji ana cewa yana ƙona kaya. Laftof ɗin nan ita kaɗai gare ni, da ita nake aiki. Don Allah wanda ya taɓa amfani da abin ya ba ni labari.

Ɗan Gayu:
Wa alaikumus salam. Anti, ki huta da wahala ki sayi makirufo mai USB kawai. Ki soka, ki yi magana, shi ke nan.

Ummu Hanan:
Ƙanena, ai na ce makirufo yana hannu, kuma mu biyu ne.

Sarkin Kiɗa:
Ki sayi sawunkad Scarlett Solo. Shekarata huɗu da ita ko tari ba ta taɓa yi ba.

Maman Biyu:
Malam Sarkin Kiɗa, Solo ai ƙofar makirufo ɗaya gare ta, ɗayar ta jita ce da makamantanta. Kai kaɗai kake waƙarka shi ya sa ta ishe ka. Ummu Hanan, ni irin aikinki nake yi da wata ƙawata, kuma da makirufo ɗaya muka fara. Ita muryarta kamar tana kiran wani a hayin kogi, ni kuma tawa can ƙasa. In na ɗaga tawa wajen gyara sai tata ta fashe, in na rage tata sai ni in ɓace, don duk a layi ɗaya muke. Ranar da ta yi atishawa a tsakiyar maganata kuwa, ba yadda za a cire atishawar ba a cire ni ba. Wata uku muka yi muka sake sayen mai biyu, ka ga an yi biyu-babu. Ki nemi wadda ƙofofinta biyu duk suke karɓar XLR, irin su Scarlett 2i2, ko MOTU M2, ko Behringer UMC202HD. Ki duba da idonki, don rubutun "2 in" a kwali ba ya nufin makirufo biyu. Bambancin kuɗin ma bai taka kara ya karya ba.

Ɗan Gayu:
Bai taka kara ya karya ba? Hajiya, ni da na duba kusan ninki na gani.

Sarkin Kiɗa:
Ya danganta da wacce ka duba. Akwai mai biyu da ta fi wata mai ɗaya araha. Amma araha ba ta ado.

Maman Biyu:
Mai arahar nake amfani da ita, har yau ba wanda ya saurare mu ya ce ya ji araha a muryarmu.

Baban Situdiyo:
Ku bar maganar kuɗi, ku ji abin da 48V ya yi min, don ni a jikina na gani.

Akwai wani dattijo da ya koya min aiki, mutumin da ko ƙura ba ya bari ta taɓa kayansa. Yana da makirufo irin na ribbon, tsohon ƙira, a cikin akwatin katako yake ajiye shi, a tsaye, ko kwantar da shi ba ya yi. Na yi wata biyu ina roƙo kafin ya ara min na kwana ɗaya. Da zai ba ni sai da ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, kar ka ba shi wuta." Na ce Baba ai na sani.

Na je na soka shi a ƙofa ta biyu. A ƙofa ta ɗaya akwai makirufona kondensa, wanda ba ya aiki sai da 48V, kuma maɓallin a kunne yake tun safe. Abin da ban lura ba, sawunkad ɗina maɓalli ɗaya ne ke ba ƙofofin biyu wuta, yawancin ƙananan haka suke. Ƙari a kan haka, wayar da na ɗauko wadda na yi wa gyara ce da kaina, ashe na juya ƙafafunta wajen lika dalma. Ina sokawa na ji "ɗas" a hedifon. Ƙarama ce, ba ta kai ƙarar tafi ba. Na yi magana a ciki sai na ji muryata siririya kamar daga cikin gwangwani. Abin da ke cikin irin wannan makirufo ɗan zirin alminiyom ne da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, wutar ta bi ta cikinsa ta miƙar da shi.

Na mayar da shi washegari, na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Buɗe akwatin kawai ya yi, ya kalla, ya rufe, ya ce "Allah ya kiyaye gaba." Na biya kuɗin gyara, aka sa sabon ziri, ya ce sautin ba shi ba ne. Har yau muna gaisawa, amma in na shiga wurinsa sai in ga ya tashi ya rufe kabad. Don haka 'yata, ni shawarata ki guji duk abin da ke son 48V. Ki ajiye AT2020 ɗin tunda shi ma kondensa ne, ki sayi makirufo dainamik biyu irin SM58, waɗanda ba sa buƙatar 48V, hankalinki kwance.

Ɗan Gayu:
Inna lillahi. Baba, rufe kabad ɗin nan ya fi min zafi a kan makirufon.

Ummu Hanan:
Allah ya huci zuciyarsa, Baba. To yanzu tsorona ya ƙaru. Laftof ɗin fa?

Injiniya:
Baba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, amma kar ka sa ta jefar da makirufo mai kyau. Abu uku ne suka haɗu maka: ribbon, waya mai juyayyun ƙafafu, da sokawa wuta na kunne. Ita ba ta da ko ɗaya.

Malama, 48V ɗin ba wajen laftof yake tafiya ba. USB bolt 5 take bayarwa, sawunkad ce ke ɗaga shi zuwa 48 a cikinta ta tura ta wayar XLR zuwa makirufo, kuma ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, makirufonki kusan miliam 2 yake sha. In babu shi AT2020 shiru zai yi miki. Dainamik kuma, in wayar lafiyayyiya ce, wutar ba ta dame shi ba, don haka za ki iya haɗa kondensa da dainamik ko da maɓallin ɗaya ne. Yadda nake yi kullum: in rage ƙarar hedifon da lasifika, in soka makirufo, sannan in danna 48V. In na gama, in kashe 48V, in ɗan jira daƙiƙu kaɗan wutar ta sauka, sannan in zare. Lasifika kuma ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ita ce ta farko wajen kashewa, don bugun nan na "bum" kar ya same ta.

Maganar ƙofofinki biyu, sawunkad ki ba ta ƙofa tata ita kaɗai a jikin laftof. USB 2.0 miliam 500 take bayarwa, USB 3.0 kuma 900. In kin rataya ta a ƙaramin hob, abin nan mai raba ƙofar USB ɗaya ta zama da yawa, marar wutar kansa, tare da maus da filashi, wutar za ta gaza, ta riƙa yankewa a tsakiyar ɗauka. Maus shi zai koma hob.

Baban Situdiyo:
Injiniya, a takarda haka ne. Ni shekara nawa ina cikin ɗakin ɗauka, kai mita kake riƙewa. Makirufo nawa ya taɓa mutuwa a hannunka?

Injiniya:
Ko ɗaya, Baba. Ina ganin hakan ma hujja ce.

Ɗan Gayu:
Kai! A kawo ruwa.

Sarkin Kiɗa:
Duk kun manta da babban abin. In Windows ce sai ta sauke direban ASIO, wato manhajar da ke sa sawunkad ta yi aiki daidai da kwamfuta, daga shafin kamfanin da ya ƙera sawunkad ɗin, ba daga ko'ina ba. Ni sati na yi ina jin muryata tana biyo ni a baya kamar amsa kuwwa, ashe bafa ce, wato yawan gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, take a 1024. A 48kHz, wato gutsure 48,000 a daƙiƙa, wannan kusan milisakan 21 ne a shiga kaɗai, kafin ta dawo kunne ta ninka. Na mayar 128, wajen milisakan 3, magana ta daidaita, sai dai tsohuwar kwamfutata ta fara ƙas-ƙas. Daga baya na gano maɓallin da ke jiyar da kai muryarka kai tsaye daga sawunkad ba sai ta zaga ta kwamfuta ba. Mai hira wannan ya ishe ta, ta bar bafa a sama abinta. Masu Mac dai yawanci sokawa kawai suke.

Ɗan Gayu:
Ga direba, ga kondensa, Anti saura ki nemo fasinja.

Mai Shiru:
Ni matsalata ƙugi ne. In caja tana jikin laftof sai in ji "zuuu" a lasifika, in na zare ta sai tsit. Wani ya ce in karya ƙafa ta uku ta fulogin, na karya, ƙugin ya tafi. Ki riƙe wannan dabarar ko za ki buƙata.

Injiniya:
Don girman Allah kar kowa ya yi wannan. Ƙafar nan ita ce hanyar da wuta za ta bi ta shige ƙasa in wani abu ya lalace a ciki. In ka cire ta, hanyar da ta rage ita ce jikin makirufo na ƙarfe, da leɓenka. Ƙugin yana zuwa ne don na'urori biyu sun samu hanyar ƙasa biyu daban, wutar gida mai bugun 50 ko 60 a daƙiƙa ta shigo cikin sauti. Ka haɗa laftof da lasifika a soket ɗaya, ka sa wayoyi masu layi uku, TRS ko XLR, tsakanin sawunkad da lasifika. In ya ƙi, ka ɗauka a kan batir. Ka canza fulogin nan yau.

Baban Situdiyo:
A nan kam ina bayan mai mita. Na taɓa ganin mawaƙi ya kai baki jikin makirufo ya yi tsalle da baya har da kujera. Ya ce kamar an soka masa allura a leɓe.

Mai Shiru:
Ni dai shekara guda ke nan ba abin da ya same ni.

Maman Biyu:
Shekara guda ba ta zama shaida ba, Malam. Ummu Hanan, wani abin da ba a faɗa ba: kondensa kunne gare shi, zai kwaso muryar ƙanwarki da fanka da komai. Na biyun ki sayi dainamik, ku zauna kuna fuskantar juna ta yadda bayan kowane makirufo yake kallon ɗayar. Kuma kar ki bari fitilar gen, wato maɓallin ƙara ƙarfin makirufo, ta yi ja, murya ta tsaya wajen -12 a ma'aunin sauti ya isa, abin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa.

Ummu Hanan:
Na gode Yaya. Wato mai biyu ke nan? Cikin ukun da kika lissafa wacce? Akwai wata maƙwabciyata da ta ce za ta ara min tata in gwada kafin in saya.

Baban Situdiyo:
Aro? 'Yata, ba ki karanta labarina ba ne?

Sarkin Kiɗa:
Ni ta ɗaya ɓangaren na ɗanɗana. Na ara wa wani abokina sawunkad ɗina ta farko, kwana biyu ya ce. Bayan sati uku ta dawo a leda, ba kwali, ba wayarta, bakin USB ɗin yana rawa kamar haƙorin yaro. A jaka ya jefa ta da wayar a soke. Da na yi magana sai ya ce wai da ma haka na ba shi.

Maman Biyu:
"Da ma haka kika ba ni." Wallahi kalmar nan ce ta raba ni da aron hedifon. Nawa ya dawo kunne ɗaya ke magana.

Ɗan Gayu:
Ni wayoyin XLR ne ba sa dawowa gaba ɗaya. Uku na bayar. Yanzu in an tambaya sai in ce ai ni ma aro na yi.

Mai Shiru:
To amma wanda bai da shi ya zai koya in kowa ya rufe kabad? Baba da ba a ara maka ba da ba ka san ribbon ba.

Baban Situdiyo:
Da ban san shi ba da ya fi min. Ni yanzu duk mai so ya zo ya yi aikinsa a gabana, ni zan soka, ni zan zare.

Injiniya:
Ni nakan bayar, amma sai mun kunna mun gwada tare, na ɗauki bidiyonsa yana aiki a gaban mai aron.

Sarkin Kiɗa:
Har da bidiyo? Wannan ai ka riga ka ce masa ɓarawo ne tun bai tafi ba.

Injiniya:
Wanda ya ji haushi sai ya bar min kayana.

Ummu Hanan:
Jama'a, wacce dai zan saya cikin ukun?

Sarkin Kiɗa:
Injiniya, tsakani da Allah, in yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya zo aro, shi ma bidiyon za ka yi masa?