Gidan gadonmu na Mamobi: mu ba mai gini, ko mu gyara wa Mma ɗakinta?

Rabi Mamobi:
Salamu alaikum jama'a. Shawarar wanda abin ya taɓa faɗa masa nake nema, don kaina ya ɗau zafi. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana gida a Mamobi, nan Ankara (Accra) babban birnin Ghana, ɗaki goma sha ɗaya, ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Mu bakwai ne 'ya'yansa, ga mahaifiyarmu Mma, shekararta 78. Tun da aka kawo ta amarya take ɗakin nan na bakin zaure. Yanzu ciwon gwiwa ya saka ta gaba, gidan kuma babu ban ɗaki, sai na kuɗi da ke bayan masallaci. Da dare jikarta ke riƙe ta su tafi. Daminar bana kwanon ɗakinta ya yi yoyo har sai da muka jingine katifa.

Wani mai kuɗi ya biyo ta hannun babban yayanmu. Ya ce zai rushe ya tayar da bene hawa huɗu, ƙasa shaguna nasa, mu ya ba mu sassa biyu a sama, ya ci sauran shekara 25 sannan gida ya dawo hannunmu. Zai biya wa Mma hayar shekara biyu kafin a gama. Ni kuwa so nake mu ci bashi mu gyara ɗaki biyu, mu sa mata ban ɗaki a ciki. Abin da ya tsayar da ni, ana ta raɗe-raɗin za a faɗaɗa lungunmu, kuma in aka ja layi zaure da ɗakin Mma ne za su tafi. Tambayata biyu ce. Wa ya taɓa zuwa asambuli, wato ofishin ƙaramar hukuma, ya ga taswirar unguwarsu da idonsa, ta wace ƙofa ake shiga? Sannan akwai wani rance ko tallafi na gidan tsofaffi da hukumar gari ke bayarwa? Don Allah kar a ce mu kai ta bayan gari. Mun taɓa kawo mata maganar, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Baban Hamza:
Ku sayar ku huta. Kuɗin gida ɗaya a Mamobi zai saya muku fili uku a bayan Kasoa, ku gina wa tsohuwa ɗaki da falo ta sha iska. Ni na tashi daga Nima shekara tara ke nan, ban taɓa nadama ba.

Maman Zaliya:
Baban Hamza, ka karanta layin ƙarshe kuwa? Kuma kai da ba ka nadama, ba kai ne kullum ke kukan cunkoson motoci a mahaɗar Malam Jankshan ba, kana fita kafin asuba? Tsohuwa mai ciwon gwiwa wa zai riƙa ɗora ta a turoturo, motar haya, duk ranar suna ko addu'ar bakwai?

Kawu Tela:
'Yata Rabi, ki karanta wannan da kyau, don abin da kike tsoro shi ya ci mu. Ba zan faɗi unguwa ba, ba zan faɗi sunan mutumin ba, magana tana kotu.

Irin tayin nan aka kawo mana a 2021. Mahaifinmu yana da rai, ya haura tamanin, shi ya yi ladancin masallacin lungunmu shekaru masu yawa. Mai ginin ya zo da zane mai kyau, har da bishiyoyi a jiki. Ya biya hayar shekara biyu a wani wuri can nesa inda baba bai san kowa ba, aka kwashe shi a motar kaya shi da buzunsa da rediyonsa. Cikin kwana uku aka baje gidan da ya gina da kuɗin goro. Aka haƙa tushe, aka zuba dakali na farko, muna zuwa muna ɗaukar hoto. Sai 2022 ta shigo, sidi ya faɗi, a ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 50. Rodi da siminti suka tashi, aiki ya tsaya. Yau ya ce kaya na tashar ruwa, gobe ya ce banki ya riƙe masa kuɗi, daga baya waya ma ya daina ɗagawa.

Haya ta ƙare, mai gidan ya ce a sake biyan shekara biyu ko a ba shi ɗakinsa. Muka bi 'yan'uwa muka harhaɗa. Baba kuwa tun watan farko ya canja. Mutumin da in ya zauna a ƙofar gida ba ya minti biyar ba a gaishe shi ba, ya koma zaman ɗaki yana kallon bango. Masallaci mafi kusa sai an hau mota. Kullum tambayarsa, an sa ƙofa? Muna ce masa saura kaɗan. A ɗakin hayar nan ya rasu. Da a unguwarsa ne, da lungu bai ɗauki masu sallar gawarsa ba, amma sahu biyu muka samu da ƙyar kafin mutanenmu su iso.

Da muka je wurin lauya ya duba takardar, sai ga shi babu ranar gama aiki a ciki, babu abin da zai biyo baya in ya kasa, kuma wanmu kaɗai ya sa hannu. Yanzu filin na nan, ruwa ya taru cikin tushen, sauro na damun maƙwabta, mu kuma ba ma shiga sabgar juna da wanmu. Sallah biyu ban taka gidansa ba.

Rabi Mamobi:
Innalillahi. Allah ya ji ƙan baba, Kawu. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ɗan Fadama:
Allah ya gafarta masa. Kawu, ba don in tayar muku da ciwo ba, amma nawa lauyan ya caje ku? Mu ma muna da rigimar gado.

Kawu Tela:
Miliyan tamanin muka fara ba shi, ban da kuɗin zuwa kotu.

Sadik Bronx:
Miliyan tamanin?! Kawu ai da wannan kuɗin unguwar gaba ɗaya za ku saya.

Maman Zaliya:
Sadik ka daɗe a waje. Kawu da tsohon kuɗi yake lissafi. Tun 2007 aka cire sifili huɗu, amma iyayenmu ba su cire ba. Sidi dubu takwas yake nufi.

Ɗan Fadama:
To ko dubu takwas ɗin ma an ƙware ku. Abokina dubu uku ya biya.

Malam Ticha:
Rabi, bari in amsa abin da kika tambaya tun da an wuce shi. Tun 2018 Mamobi ta fita daga ƙarƙashin AMA, hukumar birnin Ankara, tana asambulin Ayawaso ta Arewa, Nima kuma tana Ayawaso ta Gabas. Kar ki ɓata kuɗin mota zuwa cikin gari. A asambulinku akwai sashen tsara gari, su ke riƙe da taswirar unguwa, su ne kuma ake bi wajen izinin gini tare da sashen ayyuka. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ita ta ɗora musu wannan nauyi. Ki tafi da taswirar filinku in akwai, ki ce a nuna miki inda layin hanya ya bi, ki kuma nemi a ba ki a rubuce. In kin ja asambuliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a asambuli, kun tafi tare, ƙofa ta fi saurin buɗewa. Bayan nan a je Hukumar Filaye a bincika sunan wa ke kan filin. Gidajen zango da yawa takardarsu guntuwa ce da mai unguwa ko masu ƙasa suka ba kakanninmu, ba a taɓa yi mata rajista ba. Kuma tun da baba ya rasu, sai kotu ta ba ku takardar kula da dukiyar mamaci kafin wani ya sa hannu da sunan gida. Yayanku shi kaɗai ba shi da wannan iko.

Tambaya ta biyu kuwa, amsarta ba daɗi. Abin da gwamnati ta tanadar wa tsoho shi ne inshorar lafiya ba tare da biyan kuɗin shekara ba in ya kai 70, da ɗan tallafin LEAP ga marasa galihu daga 65. Fanshon SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, na wanda aka yanka wa albashi ne, uwar da ta ƙare rayuwarta kan tukunyar koko ba ta ciki. Duk cikinsu babu na rufin ɗaki. Rancen haya da aka fara a 2023 ma sai ka nuna kuɗin da ke shigo maka kowane wata. A zango gidan gado shi ne fanshon tsoho, shi ya sa nake jin ciwo in na ga ana wasa da shi. Abu ɗaya dai ki tambaya: an yi shirin ban ɗakin cikin gida da kuɗin Bankin Duniya a unguwannin Ankara, mai gida ya biya wani kaso a cika masa sauran. Ki ji ko da sauransa.

Sadik Bronx:
Da girmamawa Malam, wannan tunanin ne ya hana zango ci gaba. Ana zaune kan zinariya ana kwana da yoyo. Nan inda nake hukumar birni na da gidajen tsofaffi, haya daidai ƙarfin mutum, da na'urar hawa bene. A gina sama kawai, a samu lauya mai kyau.

Hajiya Mai Wake:
Kai yaro, da ka faɗi na can, ka faɗa mana na nan. In an ɗauke wuta wa zai goya tsohuwa zuwa hawa na uku? Ku na waje kuna turo kuɗi, Allah ya saka, amma mu ke wanke su, mu ke kai su asibiti. Wanda ba ya ɗaukar fo da asuba ya rage murya.

Sadik Bronx:
Hajiya, kuɗin da ake sayen maganin fa daga ina yake zuwa? Ko shi ma ba ya ba mutum bakin magana?

Ustaz Sukura:
Ku bi a hankali. Kafin lauya da mai zane, an raba gadon nan kuwa? Mma tana da tumuninta a cikin gidan, haƙƙinta ne da Allah ya yanka mata, ba alfarma ba. Kowa na magana kamar ita kaya ce da za a ajiye wani wuri. Sannan Rabi, bashin da kike son ci in na kuɗin ruwa ne ki bar shi. Ku bakwai ne, ku yi adashi.

Baban Hamza:
Adashi zai yi ban ɗaki? Buhun siminti fa ya kai sidi 120.

Ɗan Fadama:
A ina? Ni 95 na saya.

Baban Hamza:
Ka haɗa da kuɗin mai kura, don mota ba ta shiga lungunsu. Na yi irin gyaran nan wa gwaggona, dubu arba'in bai isa ba.

Maman Zaliya:
Mu dubu goma sha biyar muka kashe har da tayil. Birkilanka ya gina nasa gidan da kuɗinka.

Yaron Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma haka muke gani. Benayen Asokore Mampong da SSNIT ta ƙarasa suna nan kusa da mu, amma na sayarwa ne, sai mai albashi ko mai kuɗi a hannu. Kakata tana Aboabo, duk damina sai mun ɗora kayanta kan tebur saboda ruwa. Ku na Ankara ma gara ku, an yi muku alkawari.

Hajiya Mai Wake:
Alkawari kam mun sha. A 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, wanda gidansa ma a Nima yake, ya faɗa gaban majalisa cewa za a sabunta Nima. Daga ranar masu kuɗi suka fara zagaya lunguna suna tambayar gidan da mai shi ya mutu. An yi ma'aikatar zango a 2017, an yi asusun raya zango, ma'aikatar ma an soke ta a 2021. Ga aikin gidajen gwamnati na Saglemi, dala miliyan 200, aka ce gida 5,000, aka yi wajen 1,500 suka shekara da shekaru ciyawa na cin su. Me aka gina wa tsofaffinmu?

Ɗan Fadama:
Masallacin Kanda fa, Hajiya?

Maman Zaliya:
Wannan ai Turkawa ne. Sun ji an ce Ankara, suka zaci garinsu ne suka zo suka gina.

Mai Albasa:
Ku kuna dariya. Duk wanda ya ce muku tsari, ku tambaye mu. A 2021 aka tashe mu, masu sayar da albasa, daga kasuwar Agbogbloshie aka kai mu Adjen Kotoku, can bayan gari. Tsofaffin da suka yi shekara talatin suna tsintar albasa suna samun na koko, wa ya lissafa da su? Ba za su iya tafiyar ba, suka zauna gida. Uwar ɗakina tun lokacin 'ya'ya ke ciyar da ita, macen da ta aurar da yara shida da hannunta.

Malam Ticha:
Shi ya sa nake cewa a riƙa zuwa taron jin ra'ayi. Kowace asambuli tana rubuta tsarin ci gaba na shekara huɗu, kuma wajibi ne ta saurari jama'a kafin a amince da shi.

Mai Albasa:
Malam na taɓa zuwa irinsa sau ɗaya. Ranar aiki da hantsi, da Turanci daga farko har ƙarshe, aka raba mana ruwan leda aka ɗau hoto. Da a masallaci aka yi shela bayan Juma'a, aka yi bayani da Hausa, da kun ga tsofaffi.

Rabi Mamobi:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa Mma labarin Kawu, ta yi shiru, sai ta ce a tambaye shi ko baban nasa ya samu ganin unguwarsu kafin ya rasu. Yaya kuma ya ce ranar Asabar zai kawo mutumin da takarda. Malam Ticha, in na je ranar Alhamis zan samu amsar a ranar, ko sai na yi ta sintiri?

Kawu Tela:
Ki gaya mata sau ɗaya muka kai shi. Bai sauko daga mota ba.

Baban Hamza:
Maganar Juma'a ta tuna mini. Wa ya samu takardar harajin gida ta bana? Tawa ta ninka, alhali kwatar ƙofar gidana mu muke haɗa kuɗi muna yashe ta.

Hajiya Mai Wake:
Kai ka samu kwatar da za ka yashe. Zo ka ga babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi in an yi ruwa da dare. Tun ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ba na iya barci in hadari ya haɗu, sai na tashi na leƙa ɗakin surukata na ga ko ruwa ya kai bakin gado.

Ɗan Fadama:
Baban Hamza, nawa suka rubuto maka? Ni tawa ma sunan kakana ne a jiki, shi da ya rasu tun ina makarantar allo.