Yaranmu masu zuwa SIWES: me kuka gani a wuraren koyon aiki?

Uba daga Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ya gama shekarar farko a poli, zai tafi SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren sana'a, na wata 4, kuma shagon walda ya samu. Hankalina bai kwanta ba. Waɗanda suka yi da kansu ko suka tura nasu, don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani.

Mai walda, hanyar Jibiya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ɗalibai na zuwa wurina duk shekara, kuma abin da ya fi kama su ido ne. Yaro zai tsaya yana kallon wutar walda da baƙin tabarau na kasuwa, ya tashi aiki lafiya lau, sai cikin dare ido ya kama zogi kamar an watsa mashi yashi, hawaye na zuba. Wannan tabarau ba ya tare hasken. Ka saya mashi garkuwar fuska ta walda da safar hannu ta fata da takalmi rufaffe, kada ka jira oga, yawancinmu guda ɗaya ke gare mu a shago. Injin yankan ƙarfe kuma ba na barin sabon yaro ya taɓa sai ya yi makonni yana kallo, don in faifan ya tarwatse fuska yake nema.

Wata uwa daga Daura:
Ni ɗiyata a wani ofishi ta yi, babu wuta babu ƙarfe, amma can ne na fi shan fargaba. Wanda ke sa mata hannu a logbuk, littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi, ya riƙa tsayar da ita bayan kowa ya tashi, wai akwai sauran aiki. Ta daɗe ba ta faɗa ba, tana tsoron ya ƙi sa hannu wata huɗunta su tafi a banza. Ƙanwarta ce ta tsegunta mani. Washegari yayan babanta ya je da kanshi, ya gaisa da shugaban wurin, ya ce ƙarfe huɗu mai kurkurar gidanmu zai riƙa zuwa ɗaukarta. Daga ranar abin ya mutu. Iyaye, ku je a san fuskarku tun ranar farko. Yarinyar da aka ga tana da masu bibiya ba a yi mata wasu abubuwan. Har yau in na tuna kwanakin da ta yi shiru sai raina ya ɓaci.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje:
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Namu ɓangaren allura ce. Na ga ɗalibin da allurar ɗibar jini ta soke shi wajen mayar da murfi, ya ɓoye don kada a yi mashi faɗa. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, kuma gara a fara tun a ranar, a sha kwana 28. Duk mai zuwa asibiti ko lab ya fara rigakafin ciwon hanta nau'in B tun da wuri, allura uku ce a cikin wata 6.

Ɗalibi, aikin sola:
Ni ba wanda ya gaya mani faifan sola na ba da wuta muddin rana na dukansa, ko an kashe komai a ƙasa. Sai da ta fizge ni a kan rufin kwano, Allah ya kiyaye ban faɗo ba.

Malamin makaranta:
Tun 1973 hukumar ITF, mai kula da horas da ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ta kawo SIWES, kuma a tsarin akwai mai kula da ɗalibi a wurin aiki, akwai malamin da makaranta ke turawa ya duba. Ɗalibi ya riƙe lambar ofishin SIWES na makarantarsa. In wuri ya zama haɗari ko ana takura mashi, can zai kai ƙara, ana iya sauya mashi wuri.

Wata uwa daga Daura:
Malam, a takarda haka ne. Na ɗiyata sau ɗaya ya leƙo, ana saura mako su gama, logbuk kawai ya buɗe. Ku riƙa zuwa a watan farko, kuma ku ja ɗalibi gefe ku tambaye shi ba a gaban oga ba.